Kalmar “moot”: magana na buɗe ne, ko an rufe ta?

A wannan fitowa za mu duba wata ’yar gajeriyar kalmar Turanci da kan ɓullo a jaridu da rahotanni da takardun lauyoyi, wato “moot”. Ana furta ta “muut”. Harufanta huɗu ne kawai, amma tana iya sa mutum ya saki haƙƙinsa, ko ya sayar da gonarsa da gaggawa, idan an fassara masa ita ba daidai ba.

Asalin kalmar daga tsohon Turancin Ingila ne, inda take nufin taron jama’a da ake zama don sasanta al’amura, kamar yadda ake zama a ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci. Daga baya ɗaliban lauya a Landan suka riƙa kiran shari’ar gwaji da suke yi don koyon aiki da wannan suna. Har yau haka ake kiran irin wannan kotun gwaji a jami’o’in da ake koyar da aikin lauya, har da na Nijeriya. Daga nan ne ma’anar ta rabu biyu.

A Turancin Ingila, idan aka ce magana “moot” ce, ana nufin abin jayayya ce. Ba a yanke hukunci a kanta ba, kowane ɓangare yana da ta cewa. A Turancin Amurka kuwa, musamman a kotu, yawanci ana nufin maganar ta riga ta wuce, ko an yi gardama a kanta ba abin da zai sauya. Ihu bayan hari ke nan.

Ga misali na gaske. Wani ɗalibi mai suna Marco DeFunis ya kai Jami’ar Washington ƙara saboda ta hana shi gurbin karatun lauya. Kotun farko ta ce a ɗauke shi, ya fara karatu, ita kuma shari’a ta ci gaba. Kafin Kotun Ƙolin Amurka ta kai ga hukunci a 1974, yana zangonsa na ƙarshe, kuma jami’ar ta ce zai kammala ko yaya hukunci ya kasance. Sai kotun ta ce ƙarar ta zama “moot”, ta ƙi yanke hukunci a kan ainihin batun. Kotunan Nijeriya ma sukan ƙi sauraron ƙarar da ba ta da sauran amfani, amma su sun fi cewa ta zama “academic”, wato magana ce ta makaranta kawai.

Akwai amfani na uku, wanda ma ya fi yawa a jaridunmu. Za ka ga an rubuta cewa wani shiri “was mooted”. Wannan yana nufin an kawo shawara ne kawai. Ba a amince ba, ba a ware kuɗi ba, ba a sa rana ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu a Gezawa? Ƙasarmu cike take da jama’a. Daga Jogana zuwa Tumbau gona na manne da gona, kuma da wuya ka ga fili ba mai shi. Inda ƙasa ta yi kaɗan haka, maganar iyaka da gado da jingina ba ta ƙarewa. Ga kuma birnin Kano yana matsowa, dillalan filaye suna yawo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin amfani da filin karkara, kuma yawancin takardun hukuma da na lauyoyi da Turanci ake rubuta su, alhali mai gonar da Hausa yake magana.

A ce an karanta wa manomi takardar da ta ce iyakarsa da maƙwabcinsa “moot” ce. Idan ma’anar Ingila ake nufi, ƙofa a buɗe take, sai ya nemo shaidunsa da dattawan da suka san inda shuka ko bishiyar iyaka take. Idan ta Amurka ce, ana gaya masa bakin alƙalami ya bushe. Haka nan idan jarida ta ce an yi “mooting” ɗin sabuwar hanya ko kasuwa, kada wani ya ruɗe ka da cewa gwamnati ta gama shirin karɓe gonarka, gara ka sayar masa da araha.

Don haka muna ba da shawara uku. Na farko, duk wanda ya fassara maka wannan kalma, ka tambaye shi ƙarara: magana na nan a buɗe, ko an rufe ta, ko kuwa shawara ce kawai? Na biyu, a duba wa ya rubuta takardar da kuma abin da sauran jimlar ke cewa, domin su ne ke nuna ma’anar da ake nufi. Na uku, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai mutum biyu da ka yarda da su sun karanta maka, kowa daban.

Ga matasanmu da suke karanta wa iyaye takardu, amana ce a hannunku. Idan kalma ta shige muku duhu, ku nemi malami ko lauya. Tambaya ba ta ɓad da mutum.