Aikin da ke sa kwamfutoci su ji maganar juna

'Yan'uwa ɗalibai, kullum muna ganin manyan motoci ɗauke da kwantena daga Lome zuwa Yamai. A jikin kowace akwai haruffa 4 da lambobi 7, bisa ƙa'idar ISO 6346 da duk duniya ke bi. Lambar ƙarshe daga sauran ake lissafo ta, don in an yi kuskuren rubutu kwamfuta ta gane.

To, me ya kawo wannan tsanani? Kayan nan sai sun ratsa duwan ta Togo, Burkina da Nijar. In kowane ofis da irin rubutunsa, sai direba ya kwana a iyaka ana sake cika takardu, kuɗin kuma a kan buhun shinkafarmu zai ƙare. Shi ya sa a 2019 CEDEAO ta ƙaddamar da SIGMAT, don bayanin kaya ya riga mota isa.

Masu haɗa irin wannan su ne injiniyoyin tsarin bayanai. Aikin na son lissafi, Faransanci ko Turanci, da kiyaye ƙa'ida. Mu da muka saba da nahawu, inda wasali ɗaya ke juya ma'ana, kar mu ce ba namu ba ne. Allah ya sa mu dace.