Idan yaro ya yi karo da motarka, wa zai biya kuɗin gyara?

Daga Tamale

Da yammacin wata Alhamis, ana dab da kiran sallar magariba, ina shirin barin gidan rediyon da nake aiki, sai ɗan yayana ya bugo mini waya muryarsa na rawa. Yaro ne ɗan shekara 22, mahaifinsa ya aike shi da a-kori-kura daga gida a Gumani ya kwaso buhunan albasa a kasuwar Aboabo. Yana hawa titin Bolga sai wani mai yalo-yalo ya yanko masa, garin kaucewa ya je ya daki motar wani ma'aikacin gwamnati. Allah Ya taƙaita, babu wanda ya ji rauni. Amma a-kori-kurar ta fasa lagireto da fitilu, ita kuma ɗayar motar ƙofofinta biyu sun lotse.

Kafin in isa wurin, dattawan unguwa sun riga sun shiga tsakani kamar yadda aka saba. Yaya ya ce laifin yaronsa ne, ya ɗauki alƙawarin gyara duka, aka kira janwe aka kai motocin gareji. Hankalinsa a kwance, don a ganinsa ai ga sitikar inshora nan manne a gilashi. Sai bayan mako guda, kanikawa sun riga sun kwance motocin, sannan ya nufi ofishin kamfanin da takardar kuɗin gyara. A nan ne ya gane cewa shekara da shekaru yana biyan kuɗin abin da bai san mene ne ba.

Na kawo wannan labari ne saboda na san da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Paga da Hamile da Sankase da Aflao haka suke. Ana sayen inshora ne don kada 'yan sanda su tsare mota a shinge, ba don an san abin da takardar ta ƙunsa ba.

Ga yadda abin yake. Tun shekarar 1958 dokar Ghana ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi inshorar da ke kare sauran jama'a. Ita ce ƙaramar inshora, wadda galibinmu ke saye saboda araharta. Aikinta shi ne biyan diyya ga wanda motarka ta ji wa rauni, ko ga magadan wanda ta kashe. Idan kuma dukiyar wani ka ɓata, motarsa ko katangarsa ko rumfarsa, akwai iyakar abin da kamfani zai biya, 'yan dubban sidi ne, kuma a rubuce yake a jikin takardar. Abin da ya haura wannan iyaka daga aljihunka zai fita, sai dai in tun farko ka ƙara kuɗi an ɗaga maka iyakar. Motarka kuwa, ko fitila ɗaya ba za a saya maka ba.

Akwai ta tsakiya, wadda ta haɗa da gobara da sata. Sai kuma cikakkiyar inshora, ita ce kaɗai ke gyara motar mai ita idan an yi haɗari. Ita ma tana da nata sharuɗɗa. Akwai wani kaso na kuɗin gyara da mai mota ke ɗauka da kansa, kuma sau da yawa kason kan ƙaru idan direban yaro ne ko sabon hannu. Bugu da ƙari, ana biya ne bisa darajar da ka sa wa motar. Mu ɗauka motarka ta kai sidi 100,000, amma ka ce 50,000 ce don kuɗin inshora ya yi sauƙi. Ranar da aka yi haɗari, kamfani na iya biyan rabin kuɗin gyaran kawai. Idan ba a manta ba, a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kayan gyara a Suame ta Kumasi da Abossey Okai ta Ankara suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ya bar tsohuwar darajar motarsa a takarda a wancan lokaci, ya rage wa kansa kariya bai sani ba. Don haka duk shekara, ranar sabuntawa, a sake duba wannan adadi.

Wani abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye shi ne kaya. Albasa ko tumatir ko goro ko atamfar da ke bayan mota ba sa cikin inshorar mota, kowace iri ce. Kayan da ke kan hanya suna da tasu inshorar daban. Haka nan motar da aka yi wa takarda a matsayin ta gida, idan aka same ta tana haya ko lodin fasinja lokacin haɗari, kamfani na da hujjar janye jiki.

Sai maganar shi kansa yaron. Tambayar farko da aka yi wa Yaya ita ce, wa ke tuƙi, kuma ina lasisinsa? Allah Ya taimake mu yaron na da lasisin hukumar DVLA, kuma bai mutu ba. Shekara 18 ce mafi ƙaranci ga mai neman lasisin tuƙi a Ghana, sannan ƙa'idojin hanya na shekarar 2012 sun gindaya shekara 25 ga direban motar haya. Lasisin ma aji-aji ne, na ƙaramar mota ba ya tuƙa babbar mota. Da yawa daga cikin yaranmu a tasha suka koyi sitiyari, sun iya tuƙi, amma ba su da takarda. Ka miƙa wa irin wannan yaro makulli, ranar tsautsayi kai da jarinka ne a gaba.

Kuskuren da ya fi cin mu shi ne na ranar farko. Sulhu alheri ne, babu mai musu, amma sulhun bakin titi ba ya maye gurbin takarda. Kamfani zai nemi rahoton 'yan sandan kula da hanya, wato MTTD, da lasisin direba, da hotunan motocin, da ƙiyasin bakanike. Sharaɗi ne a takardun inshora cewa a sanar da kamfani da wuri, kada mai mota ya amsa laifi ko ya yi alƙawarin biya ba da saninsu ba, kuma kada a taɓa gyara sai jami'insu ya zo ya duba ɓarnar. Yaya ya taka dukkan ukun cikin awa guda, da kyakkyawar niyya. Sai da muka yi ta sintiri tsakanin ofishin 'yan sanda da na kamfani kafin aka biya ɗan abin da takardar ta tanada a kan motar ma'aikacin. Ragowar, da gyaran a-kori-kura gaba ɗaya, daga jarin albasa suka fito. Wata biyu Yaya bai yi lodi zuwa kan iyaka ba.

Duk da haka mun yi sa'a, domin sitikarmu ta gaskiya ce. A shekarun baya sitikar bogi ta yi yawa a tashoshi, shi ya sa Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci a watan Janairun 2020. Da kowace irin waya za ka iya danna *920*57#, ka sa lambar mota, ka ga ko tana da inshora mai rai. Wannan ya shafi har mai ɗora kayansa a motar wani, ko mai shiga motar haya. Sannan tun 2014 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗi ba, babu kariya. Saboda haka inshorar bashi, ko kuɗin da aka damƙa wa wani ɗan tsakani ba tare da rasit ba, ba abin dogaro ba ne.

Masu tsallaka iyaka kuma su sani, inshorar Ghana ita kaɗai ba ta bin mota zuwa wata ƙasa. Abin da ke yin wannan aiki shi ne katin ƙungiyar ECOWAS, wanda ake kira Brown Card, masu Faransanci kuma su ce Carte Brune. An ƙulla yarjejeniyarsa a Kwatano a shekarar 1982, kuma sakatariyarsa na Lome. Shi ma mutanen da ka yi wa ɓarna a can yake biya, ba motarka ba. Ganin cewa Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, duk mai nufar Dakola ta Paga ya tsaya ofishin kamfaninsa ya tabbatar da ƙasashen da takardarsa ke aiki a cikinsu kafin ya ɗaura kaya.

Idan kamfani ya ƙi biya ko yana jan ƙafa, ba a nan magana ta ƙare ba. NIC na da sashen karɓar koke, kuma tana da ofis a nan Tamale. Akwai kuma asusun diyya da hukumar ke kula da shi, domin waɗanda mota marar inshora ta raunata, ko waɗanda direba ya buge ya gudu. Wannan asusu na rauni da rasa rai ne, ba ya gyaran mota.

Yanzu a-kori-kurar ta dawo hanya, yaron ma ya koma tuƙi, sai dai ya rage sauri a mahaɗar Gumani. Da lokacin sabunta inshora ya yi, Yaya da kansa ya je ofis, ya zauna aka karanta masa takardar layi-layi, ya sa aka ɗaga masa iyakar diyyar dukiya, ya kuma tambayi abin da zai faru idan yaron ne ke tuƙi. Mai karatu, kafin ka sake miƙa wa ɗanka ko yaron shagonka makulli, ɗauko taka takardar daga aljihun mota, ka nemi wanda zai karanta maka ita. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.