Yadda waya ta riƙe ciniki a Kura da Bunkure lokacin kullen korona

Ranar Asabar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Bayan kwana biyar, ranar Alhamis da ƙarfe goma na dare, dokar zaman gida ta fara aiki a jihar. Ranar 27 ga wata kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano kulle na mako biyu, ana cikin kwanakin farko na azumi.

Ga mai albashi, kulle zama ne a gida. Ga mai shago a Kura ko Bunkure kuwa, lissafin daban ne. Yankin yana cikin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, a nan ake noma su, kuma kowane buhu ko kwando sai ya bi ta hannun wani mai sayarwa: dillali, mai shagon taki da maganin feshi, yaron shago, mai POS. Tumatir kuma ba ya jin doka. In an cire shi yau bai samu mota ba, bayan 'yan kwanaki sai dai a zubar.

Kasuwa ta koma cikin aljihu

A takarda, gwamnati ba ta hana jigilar abinci ba. A kan titi kuwa, shingayen bincike sun yi yawa, motoci sun yi ƙaranci, masu saye daga Legas da sauran garuruwan Kudu sun rage zuwa. Dillalin da ya saba tsayuwa a Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir da ke maƙwabciyar ƙaramar hukuma ta Garun Malam, dole ya nemi hanyar nuna kaya ga wanda ba ya gabansa.

A nan WhatsApp ya yi rana. A ɗauki hoton kwando, a tura, a biyo da saƙon murya: ga farashi, ga direba, ga lokacin tashi. Saƙon murya ya fi rubutu karɓuwa, domin ba kowa ke son dannawa ba, kuma a murya ake gane mai gaskiya. Ga shi bai cika cin data ba, yana tafiya ko sabis ya yi rauni, saɓanin kiran bidiyo da ke yankewa.

Da aka fara sassauta dokar a watan Mayu, ranakun Litinin da Alhamis aka ware, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Awa shida ke nan, ga damina ta ƙarato, manoma na neman iri da taki. Mai shagon da ke da lambobin kwastomominsa ya fi kowa morewa: ya karɓi oda tun dare, ya ware kayan kowa, da safe sai ɗauka kawai. An rage cunkoso, an kuma rage tsayuwar ciniki fuska da fuska.

Ƙaramar waya ba ta ji kunya ba

Wani abin da masu manyan wayoyi kan manta shi ne, ba manhajar banki ce ta ɗauki nauyin yawancin ƙananan biyan kuɗi a karkara ba. Lambobin nan masu tauraro ne, wato USSD: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *901# na Access, *966# na Zenith.

Dalilin mai sauƙi ne. USSD ba ya buƙatar data ko intanet. Yana bin hanyar da waya ke gaisawa da turken sabis, don haka ko 2G ta ishe shi, ko wayar mai maɓalli ce. Matsalarsa ɗaya: zamansa gajere ne. In ka tsaya neman lambar asusu a takarda, sai ya yanke, ka sake daga farko. Kuma tura kuɗi ba kyauta ba ne. A 2020 ana cire naira 50 a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 in ya shiga asusu, daga Maris 2021 kuma aka sa naira 6.98 a kan amfani da USSD ɗin kansa.

Mai POS a bakin wuta

Bankuna sun taƙaita aiki a lokacin, shiga cikin Kano kuma ya zama aiki. Sai mai POS na bakin kasuwa ya zama bankin gari. Manomi ba zai biya 'yan ƙwadago da alat ba, kuɗi a hannu suke so. Saboda haka transfa ta shigo daga nesa, a rumfar POS take zama takarda.

Sai dai wanda ke zaune a rumfar shi ya fi kowa shiga haɗari. Katin kowa ya taɓa, kuɗin kowa ya ƙirga, maɓallan na'ura ɗaya duk layi ke dannawa. A farko an fi tsoron takardar kuɗi, aka dage da wanke hannu da goge na'ura. Daga baya bayanin masana ya ƙara fitowa: cutar ta fi bin numfashi, musamman a cunkoso da wuri marar iska. Ashe rumfar da ke buɗe a waje ta fi ƙaramin shago mai ƙofa ɗaya aminci, takunkumi da tazara kuma sun fi komai. Amma sa takunkumi a zafin Afrilu, da azumi a baki, ba wasa ba ne.

Ga kuma rigimar "an cire bai biya ba". Kuɗi ya fita daga asusun kwastoma, na'ura ta ce bai yi ba, fushin kuma a kan mai rumfa yake sauka. A Yuni 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware irin wannan matsala ta POS daga kwana biyar zuwa awa 72. Sannan ga alat ɗin bogi: saƙo ya shigo da sunan banki, yaron shago ya miƙa kaya, maigida ya duba asusu babu ko sisi.

Wayar da ta kawo ciniki ita ta kawo ƙarya

A Afrilun nan dai jita-jitar cewa 5G ce ke kawo korona ta cika guruf-guruf, har hukumar NCC ta fito ta ƙaryata. A lokacin ma ba a fara sayar da sabis ɗin 5G a Najeriya ba, sai 2022. WhatsApp shi ma ya taƙaita tura saƙon da aka yawaita turawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Ga mai sayarwa, illar a fili take: kwastoman da ya yarda babu cutar, ba zai sa takunkumi a gabanka ba, kai kuma ba ka iya korar ciniki.

Waɗanda waya ba ta cece su ba

Ba kowa ne ya tsira ba. Waya ta taimaki mai kaya da mai lambobin kwastomomi. Yaron shagon da ake sallama kullum da yamma, ɗan dako, mai tallar da jarinta faranti ɗaya ne, su ranar da ba a buɗe kasuwa ba, ranar babu ce. Masu sayar da layin waya ma nasu ya zo daga baya. An ɗage kullen Kano a farkon Yuli, amma a Disamba 2020 gwamnati ta dakatar da rajistar sabon layi saboda haɗa shi da lambar NIN, ba a dawo ba sai Afrilu 2021. Wata huɗu ke nan lema a naɗe.

Abin da ya kamata matashi ya riƙe

Da ƙarancin takardun naira ya zo a farkon 2023, waɗanda suka koyi karɓar transfa a 2020 ba su ruɗe kamar sauran ba. Ga mai tsaron shago a yau, ko nasa ko na maigida:

- Ajiye lambobin kwastomomi a asusun Google, ba a kan layi kaɗai ba. Waya na iya faɗawa kwalbati.
- Kada a miƙa kaya saboda saƙo ko hoton rasit. A duba ragowar kuɗin asusu tukuna.
- A haddace lambar USSD ta banki, ko da akwai manhaja.
- A riƙe asusu biyu a wurare daban, in ɗaya ya tsaya ɗaya ya yi.
- Lambar sirri ba ta abokin aiki ba ce, ba ta mai kira da sunan banki ba ce.

Mai shago kuma ya koya wa yaronsa duk waɗannan tun ana zaman lafiya. Ran wanka ba a ɓoye cibi, kuma ranar da aka rufe kasuwa ba ranar fara koyo ba ce.