Sayen Abin Sauraro Marar Igiya a Kasuwar Mont-Bouët

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mont-Bouët, wadda ita ce babbar kasuwar birnin Libreville, zai ga wani abu da a zamanin kakanninmu, waɗanda suka biyo hanyar Kamaru da fatauci har suka zauna a Bitam da Oyem, da sai a ce taɓin hankali ne: mutum yana tafe shi kaɗai, hannuwansa biyu ɗauke da kaya, yana ciniki da wanda ba a gani. Ɗan abin da ke maƙale a kunnensa shi ne dalili, wanda mutanen Najeriya ke kira iyafis, 'yan Gabon kuwa su ce écouteur.

Hikimar da ke haɗa shi da waya ita ce Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya soma aikinta a 1994, aka kuma sa mata laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10 mai suna Harald. Galibi tana kai wa kimanin mita 10, kuma bango ko cunkoson jama'a na rage wannan nisa. Tun da Apple ya cire ramin igiyar sauraro daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahunsa, har abin da dā ado ne ya zama larura ga mutane da yawa.

To, a nan ne nake ganin akasarin masu saye suna kuskure, domin sukan sa abin a kunne, su kunna waƙa, in suka ji ganga tana dukan ƙirji sai su miƙa sefa, alhali ɗan kasuwa ya fi bukatar a ji maganarsa, da shi da mai aiko masa da kaya daga Duwala ko Kwatano, da iyalinsa da ke jiran saƙon murya ta WhatsApp a Maraɗi. Wannan kuwa aikin makirfo ne, kuma makirfo shi ne abin da masu ƙera na jabu suka fi tauyewa, saboda sun san ba a cika gwada shi ba. Saboda haka ya kamata mai saye ya haɗa abin da wayarsa nan take a gaban mai rumfa, ya kira wani ɗan'uwansa a tsakiyar hayaniyar 'yan tasi da masu tura baro, ya tambaye shi ko yana jin sa sarai. In amsar ita ce sai ka ce daga cikin rijiya yake magana, to ya ajiye, komai kyan kwalin.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan cinikin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, suka kuma tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Kwali a liƙe, mai ɗauke da sunan AirPods ko JBL, a farashin da bai kai ushirin na asali ba, ya isa a yi masa tuhuma. Gara mutum ya sayi Oraimo na gaske, ɗan gidan su Tecno da Itel, da ya sayi babban suna na ƙarya, kuma ya yi sharaɗin kwanakin mayarwa da mai rumfa tun kafin su rabu.

Sai batun ƙasar kanta. Libreville gari ne na ruwan sama da gumi, don haka a duba alamar IPX4 ko abin da ya fi ta, wadda ke nuna yayyafi da zufa ba za su ɓata shi ba. Ni dai na fi son mai ratayawa a wuya bisa ga 'yan ƙwayoyin nan biyu da ake sa wa kowane kunne ɗaya, domin Musulmi yana cire abin kunnensa sau da yawa a yini don alwala, kuma na ga ƙwaya ɗaya ta suɓuce ta faɗa kwata a bakin masallaci, ta bar 'yar'uwarta marainiya. Batirin mai ratayawar ma yakan fi jimawa, abin da ke da amfani ranar da aka ɗauke wuta.

Game da lafiyar kunne kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi ƙarfin sauti na desibel 80 na awa 40 a mako, hayaniyar kasuwa kuwa takan sa mutum ya yi ta ƙara sauti bai sani ba, ko da tafsiri yake saurare. Robar da ta toshe kunne daidai tana rage wannan bukata, shi ya sa ake sa roba iri uku a cikin kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, sai a gwada kowace. Mai tafiya a gefen titi kuwa ya bar kunne ɗaya a buɗe, saboda odar mota da kuma sallamar ɗan'uwa, wadda amsa ta wajibi ce.