Kasuwanci a intanet: Shin ka san masu leƙo shagonka?

A kasuwar Agiye ko ta Gazawa, ɗan kasuwa yana ganin komai da idonsa: wanda ya tsaya gaban rumfarsa, wanda ya taya buhun aya, da wanda ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Amma tun da matasanmu suka fara tallan aya da wake da riɗi da jar akuyar Maraɗi ta wayar salula, wannan gani da ido ya ɓace. Mutum zai sayi data ta jika guda, ya ɗora hoto, ya koma gefe yana zaman jiran tsammani.

Alhali kuwa akwai ma'aunai na kyauta da ke ƙirga masu ziyara. Wanda ya fi shahara shi ne Google Analytics, wanda aka buɗe wa jama'a kyauta a shekarar 2005. Yana nuna wa mai shafin intanet mutum nawa suka shigo, ta ina suka biyo, da hajar da suka fi tsayawa a kanta. Sai dai tsohon samfurinsa ya daina aiki a watan Yulin 2023, saboda haka duk wanda aka haɗa wa shafi kafin lokacin, ya bincika ko an mayar da shi kan sabon, wato GA4. Akwai kuma Clarity na kamfanin Microsoft, wanda ke nuna inda mai ziyara ya latsa da inda ya gaji ya fita.

To, amma mu faɗi gaskiya, daga Gidan Rumji har zuwa Gazawa, 'yan kasuwa nawa ne ke da shafin kansu? Shagon mafi yawanmu shi ne Facebook da WhatsApp. Nan ma ba a bar mu a baya ba. Mai shafin kasuwanci a Facebook yana iya ganin mutum nawa sanarwarsa ta kai wa, da garuruwan da mabiyansa suke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aya a Agiye. Idan ya ga masu bin sa sun fi yawa a Katsina da Kano, ya san ya kamata ya riƙa faɗin farashi da naira tare da sefa, ya kuma yi bayanin yadda kaya za su tsallaka iyaka.

Akwai inda alƙaluman kan yaudari mutum. Ma'aunan shafi suna gane gari ne ta hanyar layin sadarwa, don haka sau da yawa mai waya yana Tibiri, amma a nuna yana Yamai. Haka kuma yawan masu kallo ba shi ne ciniki ba. Hoton rago gab da babbar salla zai iya tara dubban 'yan kallo, mai saye kuwa ko ɗaya babu. Da wannan ne wasu ke ruɗuwa, su zuba kuɗin talla a banza.

Shawararmu ita ce a haɗa da littafi. Duk wanda ya kira, a tambaye shi inda ya ga tallan, a rubuta. Wanda ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, shi ma a rubuta garinsa. Ƙarshen wata sai a ajiye littafin kusa da waya, a duba wane hoto ne ya kawo kuɗi, kafin a sake sayen data.