Yadda Aka Sha Kashi, Aka Kuma Ɗauki Kofi

Shin wanda aka ci shi a wasan ƙwallo ya iya ɗaukar kofi? To, ku saurara.

A shekarar 2007 ƙungiyar Arsenal ta birnin Landan ta fara wata gasa wadda a ke kira Kofin Emirates, watau sunan kamfanin jiragen sama mai ɗaukar nauyinta. A kan yi ta kafin a buɗe wasannin shekara, don 'yan wasa su warware jiki bayan hutu.

A 2017 ƙungiyoyi 4 suka kara cikin kwana 2. Dokar ita ce: nasara maki 3, kunnen doki maki 1, sa'an nan kowace ƙwallo da ta shiga raga maki 1, don kada kowa ya lafe a gida.

Ran farko Arsenal ta ci Benfica 5 da 2, Sevilla kuwa ta ci Leipzig 1 da 0. Kashegari Sevilla ta ci Arsenal 2 da 1. Ku lissafa da kanku: kowacensu maki 9 ke nan. Amma Arsenal ta jefa 6, Sevilla 3 kaɗai, sai kofi ya zauna Landan.

Mu da za mu zama malamai, in mun shirya wa yara gasa, mu bayyana musu doka tun ba a busa usur ba, kada gardama ta tashi daga baya.