Yadda Gida Ya Zama Fara

Da aka tura ni gwajin koyarwa a aji ɗaya, na tarar da yara suna karatu da babbar murya, har na yi murna. Ashe hadda ce. Wani yaro ya karanta mini shafi guda sarai, idonsa kuwa yana kan rufin ɗaki. Na rubuta "gida" a allo, ya yi shiru. Ga shi saura mako uku malaminmu ya zo duba aikina.

To, ga dabarar da na yi. Na yanka kwali, na rubuta harafi guda a kowane yanki. Yara huɗu suka tsaya gaban aji riƙe da g, i, d, a, muka faɗi muryar kowane, kana muka haɗa. Sai na ce mai "i" ya zauna, wani mai "a" ya maye gurbinsa. Gida ya zama gada. Aka cire "d" aka sa "r", ga gara. Daga nan gari, sai fari, sai fara. Yara suka yi ta dariya, wai gida ya zama abin soyawa. Harafi ɗaya tak ake sakewa kowane lokaci, don yaro ya ga abin da ya sake da idonsa, ya kuma ji shi da kunnensa. Wasula biyar ne kawai, a, e, i, o, u, saboda haka su na fara juyawa kafin baƙaƙe.

Inda na sha wuya shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930. Yawancin yaran nan ba Hausa suke yi a gida ba, kafa da ƙafa duk ɗaya ne a kunnensu. Ni ma haka na taso. Kwana uku muka yi a kan baki da baƙi, ina nuna bakina, ina nuna gawayi.

'Yan'uwana malamai, ku gwada jerin kalmominku tun a ɗaki, gama sake harafi ɗaya yakan haifi zagi, yara kuwa ba su mantuwa da irin wannan.

Ranar da malaminmu ya zo, ya rubuta "kaza" da kansa, ya goge "z" ya sa "y". Yaron nan mai duban rufi ya ɗaga hannu, ya ce, "Kaya."